Ba Ni da Abin Cewa Game da Jakar

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Saura kwana biyu a buɗe gasar wasannin ƙasashe. Jiya aka raba mana katin shiga titinmu, saboda filin wasan yana bayanmu kaɗan. Shekara talatin da ɗaya ina gyaran agogo a nan, gidana a nan, amma yanzu sai na rataya hotona a wuya kafin a bar ni in shiga ɗakina. Hoton bai yi kama da ni ba. Matata ta ce ya fi ni fara'a.

An yi wa gidajenmu fenti, gaban kawai. An dasa itatuwa goma sha biyu a bakin titi, manya, da ganyensu da komai. Dogo mai aski, wanda shagonsa ke manne da nawa, ya jingina da ɗaya, suka faɗi tare.

Talata, bayan azahar

Sufeton 'yan sanda ya tara mu a gaban shagon mai ɗinki. Ya ce ƙasashe ashirin da huɗu za su zo, idon duniya na kanmu, kowane titi sai ya kafa kwamitin tsaro. Aka ce wa za a naɗa shugaba. Dogo ya ce, "Ga Mai Agogo. Ko jana'izarsa ba zai makara ba." Aka yi dariya, aka naɗa ni.

An ba ni riga mai ruwan ɗorawa da usur. Na yi jawabi. Na ce duk wanda ya ga jaka babu mai ita, kada ya taɓa, kada ya shinshina, ya kira ni. Na ce sakacin mutum ɗaya na iya jefa gari duka cikin masifa. An tafa. Gaskiya jawabin ya yi kyau, har na so a ce an ɗauka a waya.

Gobe zan tsallaka gari wurin mai sayar da kayan gyara. Zan tafi da agogon bangon Inna, surukata, da ke zaune tare da mu. Na marigayi mijinta ne, kuma wata biyu ke nan ina ce mata gobe. Akwai kuma ƙananan agogon ƙararrawa uku na mutane. Zan zuba su a baƙar jakata, in gwada su a can in dawo.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Na dawo gida.

Laraba, ƙarfe bakwai

Zan rubuta abin da kowa ya sani kawai.

Wajen uku da rabi motocin 'yan wasa suka biyo ta tashar bas da ke bakin titinmu. Na sauko daga bas ke nan. Jama'a suka yi ca a kan hanya. A matsayina na shugaba na saka rigata, na hura usur, na tura mutane baya da hannu biyu. Da hannu biyu, na ce. Na bi motocin ina ba da hannu har ƙofar filin, wani soja ma ya sara mini.

Ƙarfe huɗu daidai, an ce, wata jaka da ke ƙarƙashin bencin tashar ta fara ƙara. An ce ƙararrawa uku ne suka tashi lokaci guda, da wani abu mai buga dam, dam a ƙarƙashinsu. Mutane suka watse. Wata mata ta bar takalminta, wani ya bar matarsa. Aka rufe tituna tara. Aka ɗaga bikin buɗewa da awa biyu, shugabanni na zaune a mota. Ni na kwashe mutanen titinmu gida gida, ina hura usur, har makogwarona ya bushe.

Ina cikin haka na lura hannuna na hagu ba shi da nauyi.

Biyar da kwata aka ji ƙara. Jami'an tsaro sun fasa jakar.

Alhamis, da safe

An nuna a talabijin. An ce jakar baƙa ce, hannunta ɗaya an ɗaure shi da wayar lantarki ja. Jakunkuna irin wannan sun yi yawa a garin nan. Wayar lantarki kuwa kowa na da ita.

Ba ni da abin cewa game da jakar.

Alhamis, ƙarfe biyu

Sufeto ya yaba mini a gaban jama'a. Ya ce titinmu ne aka fi saurin kwashewa a duk garin. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce, "Shugaba, hannunka na zufa." Na ce rana ce.

Inna ta leƙo daga ɗakinta ta ce, "Baban yara, ƙarfe nawa?" Na faɗa mata. Ta kalli ƙusar da ke bango, ta koma.

Juma'a, da hantsi

An hana riƙe jaka a duk unguwannin da ke kewaye da filin. Kowace iri. Matata ta dawo daga kasuwa da kaya rungume a ƙirji, albasa na zubowa tana bi. Ta ce, "Allah ya isa tsakanina da mai jakar nan." Na ce mata ba a yi wa mutum Allah ya isa ba a san uzurinsa ba. Ta tsaya da albasa a hannu tana kallona.

"Malam, ina jakarka?"

"Na ba da ita ɗinki."

"Wa ka ba?"

"Wani ne. Ba ki san shi ba."

"Da agogon Inna a ciki ka ba da ita ɗinkin?"

Na ce ina da taron kwamiti.

Juma'a, ƙarfe biyar

'Yan sanda sun tafi da Dogo.

Yana cikin yi wa mai ɗinki aski suka zo, mota uku. An ce kyamarar tashar ta nuna wani dogon mutum ya ɗaga jakar, ya kara ta a kunne, ya mayar, ya zauna kusa da ita kamar mai jiran wani. Da ta fara ƙara ya zura da gudu. Abin da ya faru kafin nan kyamarar ba ta gani ba, wai tutar wata ƙasa ce ta rufe ta. Allah ya albarkaci wannan ƙasa. Astagfirullah.

Da za su saka shi a mota ya waiwayo ya kalle ni. Ina tsaye da rigata mai ruwan ɗorawa, usur a baki. Ban san lokacin da na hura ba.

Asabar, da safe

Tambayoyi kawai za su yi masa. Yau zai dawo.

Asabar, da yamma

Gobe zai dawo.

Lahadi, ƙarfe goma sha ɗaya

Matar Dogo ta zo. Ta durƙusa a tsakar gida ta gaishe ni, idonta ya kumbura. Ta ce, "Yaya, kai ne shugaba, Sufeto na jin maganarka. Ka san shi, mutumin da ko ɓera ya gani sai ya hau kujera." Na ce zan rubuta takarda. Na rubuta shafi biyu: cewa na san shi shekara ashirin da shida, mutumin kirki ne, ba ya yankan kunne, rezarsa sabuwa ce kullum. Na karanta mata, ta yi godiya har da hawaye.

Matata na tsaye a ƙofar kicin tana saurare. Da baƙuwar ta tafi ta kawo mini shayi. Babu sukari. Na ce ta manta. Ta ce ba ta manta ba.

Inna: "Baban yara, ƙarfe nawa?"

Litinin, da rana

Duk 'yan sandan garin suna filin wasa. A ƙofarmu akwai soja huɗu, da kare, da wata ƙofar bincike mai kuka in ta ji ƙarfe a jikin mutum. A layin bayanmu kuwa, inda ba a yi fenti ba, an shiga gida uku da rana tsaka, an kwashe har tukwane. Suka je kai ƙara, suka tarar da ofishin a kulle, an manna takarda: mun tafi aikin ƙasa.

Baƙi sun cika gari. Wasu samari da fuska rabi shuɗi rabi fari suka shigo shagona suna nuna agogo suna dariya. Ɗaya ya yi "bum!" da baki, ya buɗe hannuwa. Na kore su. Ashe wai hanyar tashar suke tambaya, wurin ya zama abin ɗaukar hoto.

Mai kantin magani ya zo karɓar agogonsa na ƙararrawa. Na ce ina jiran wani ɗan ƙarfe daga waje. Ba ƙarya na yi ba sosai. Duk ƙarafunansa suna waje.

Talata, ƙarfe tara na safe

Ban ci abin kirki ba tun Juma'a. Wandona ya fara zamewa. Duk lokacin da agogunan shagona suka buga huɗu sai in tuna da tashar, don haka na tsayar da su duka. Shagon ya yi tsit. Ta bango nakan ji almakashin Dogo da surutunsa, yana gaya wa mutane yadda zai gyara ƙasar nan in an ba shi mako ɗaya. Yanzu babu.

Me ya zaunar da shi kusa da ita? Na faɗa a jawabina, kada a taɓa. Kowa ya ji.

Shi ya ba ni wayar nan ja, bara, da hannun ya tsinke.

Ba ni da abin cewa.

Talata, ƙarfe uku

Jinin Inna ya hau, kanta na juyawa. Motar asibiti ta ce ba ta da izinin shiga titinmu, tun ranar Laraba aka soke. Tasi ma haka. Muka ɗora ta a kujerar roba, ni da mai ɗinki muka ɗauka har shingen. Ƙofar ƙarfen ta yi kuka saboda ƙarfen da aka saka mata a ƙugu. Sojan ya ce sai an bincika. Inna ta buɗe ido ta ce, "Ɗan nan, in za ka fasa ni, ka fasa ni a inuwa." Ya bar mu muka wuce.

Minti arba'in kafin mu samu mota. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri da labari ya bambanta. Ina riƙe da hannunta a kan gado, ina ta tunanin wanda ya jawo aka soke izinin. Ina nufin mai jakar. Ko wane ne.

Laraba, da safe

An sallame ta. Matata ba ta yi mini magana ba tun jiya, sai da na zo fita. Ta tsaya a ƙofa ta gyara mini wuyan rigar kwamitin, a hankali, kamar ranar da muka fara fita tare. Ta ce, "Shekara ashirin da tara ina zaune da mutumin da ba ya makara. Yau kwana biyar." Ta koma ciki.

Na je shago na zauna a cikin agogunan da ba sa tafiya.

Laraba, ƙarfe huɗu

Gobe.

Alhamis, ƙarfe bakwai na yamma

Na je. Zan rubuta duka.

An mayar da makarantar firamare ofishin tsaro. Sufeto na zaune a kan kujerar yara, gwiwoyinsa kusa da haɓa. Ya ce, "Shugaba! Wata takardar ce?" Na ce a'a. Na cire rigar na ninke na ajiye a teburinsa, na ɗora usur a kai. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Ranka ya daɗe, a ce wani mutum..."

"Wane mutum?"

"Mutum mai mutunci. A ce yana da jaka."

Ya ajiye biro. Ya tashi ya buɗe kabad ɗin littattafai, ya fito da faranti ya ajiye a gabana. Ƙananan ƙarafuna ne, da haƙoran agogo, da allura guda a lanƙwashe, da tagullar nan mai lilo ta agogon Inna, ta yi baƙi. Sai na ji hawaye. Na ce, "Tawa ce. Jakar tawa ce. Ni na ajiye ta."

Ya ce, "Tun ranar farko mun san agogo ne. Abin da ba mu sani ba, wane shashasha ne. Na ce a duba ko akwai mai gyaran agogo a unguwar, aka ce akwai, amma shi ne shugaban tsaro." Ya dafe kai. "Ni na yaba maka. A gaban mutane."

Na ce to me ya sa aka riƙe Dogo. Ya ce, "Saboda ya san mai ita, ya ƙi faɗa. Ya ce gane ta ya yi, ya zauna gadinta har mai ita ya dawo. Kwana shida muna tambayarsa sunan, sai ya ce shi aski ya sani. Ya aske rabin yarana kyauta, har da mai kare."

Na miƙa hannuwana don a saka ankwa. Ya ce in mayar da su aljihu. Wai rahoto ya riga ya tafi sama cewa an daƙile wani mummunan nufi, an yi ta taya juna murna, wani babba har ya samu lambar yabo. Wa zai koma ya ce musu agogon suruka ne? Ya sa na rubuta bayani shafi huɗu, ya karanta, ya saka a aljihun tebur ya kulle. Ya zaunar da ni a ajin 'yan shekara shida har la'asar, ina kallon hoton giwa, yana ta waya da murya ƙasa ƙasa. Daga baya ya ce in tafi, kuma in na buɗe baki kafin a rufe gasar, shi da kansa zai zuba ni a jaka ya ajiye a tashar.

Aka fito da Dogo. Ya rame, gemu ya fito masa, abin da ban taɓa gani ba. Na ce, "Dogo." Ya wuce ni kamar an kafa turke. Muka taho gida, shi a gaba ni a baya, tsakaninmu taku goma. Matarsa ta yi guɗa har soja ya ɗaga bindiga.

Juma'a, bayan karin kumallo

Saura Inna. Na shiga ɗakinta na zauna a ƙasa. Na fara da cewa agogo abu ne mai rai, kuma duk mai rai. Ta ɗaga hannu.

"Na sani, Baban yara."

"'Yarki ce ta faɗa miki?"

"Talabijin. Sun saka ƙarar kafin su fasa. Shekara hamsin ina jin agogon nan na buga huɗu, na ukun yana ɗingishi. Ko a kabari na ji zan gane shi."

"To, Inna, kullum kina tambayata ƙarfe nawa..."

"Ina da waya," in ji ta. "So nake in ga ranar da za ka gaji."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta kalli ƙusar ta ce da shi marigayi ya shigo ranar da suka tare, a kafaɗa, ko gado ba su da shi. Ta ce duk abin da ke magana a wancan gidan ya yi shiru, shi kaɗai ya rage. Na ba ta haƙuri, na ba ta, har muryata ta dishe. Na fito da tagullar da Sufeto ya bar mini, na goge ta jiya, na ajiye a tafinta. Ta rufe hannu. Ta ce in tashi in ba ta wuri, ƙafafuna na wari.

An saka sukari a shayi. Cokali ɗaya.

Asabar

Dogo ya buɗe shago. Na yi sallama ta bango. Almakashi kawai.

Talata

Haka dai. Na faɗa wa masu agogon ƙararrawa uku cewa nasu sun lalace a hannuna, zan ba su wasu. Mai kantin magani ya ce, "Lalacewa kamar yaya?" Na ce gaba ɗaya.

An naɗa mai ɗinki shugaba. Ba ya iya hura usur, tofa yawu yake yi.

Lahadi, da yamma

An rufe gasar. Ban san wanda ya ci ba. A jawabin rufewa an gode wa jami'an tsaro da suka ceci garin daga abin da ba za a iya bayyanawa ba saboda dalilan tsaro. Matata ta ƙware da ruwa, sai da na bubbuga mata baya.

Litinin, ƙarfe goma na safe

An kwashe shingen. Wata babbar mota ta zo ta tafi da itatuwan. 'Yan sanda sun koma ofishinsu, mutanen layin baya suna can a layi da jerin tukwanensu.

Na shiga shagon Dogo da mutane a ciki, na jira har layi ya zo kaina, na cire hula na zauna. Ya yafa mini ƙyalle, ya ɗaure a wuya, ya matse fiye da yadda ya saba. Ina kallonsa a madubi na ce, da ƙarfi don kowa ya ji, "Jakar tawa ce. Ya zauna yana yi mini gadinta, ni kuma na bar shi kwana shida. Ka yafe mini, ɗan'uwana."

Mai ɗinki ya ce, "To wa bai sani ba?"

Dogo ya wasa reza, ya daɗe yana wasawa. Ya fara daga goshi, ya bi tsakiyar kai har ƙeya, ya aske ɓangaren dama tas, ya shafa mai har yana ƙyalli. Sai ya kwance ƙyallen ya kaɗe.

Na ce, "Saura hagu."

Ya ce, "Na sani. Ka dawo bayan kwana shida." Na miƙa hannu zan ɗauki hulata, ya riga ni, ya jefa ta a aljihun tebur. "Ita ma."

Na tashi na fita haka. Har na kai ƙofa na ji ya ce, "Mai Agogo." Na juyo. Yana ƙoƙarin haɗe fuska amma gemunsa na rawa. "Ka tayar da agogunan nan naka. Shirun ya ishe ni."

Na tayar da su. Yanzu zan tafi kasuwa, matata ta ce lallai yau ni zan yi cefane, kuma a ƙafa.